Abin da rubutu a kan yoyon fitsari ya koya mini

Marubutan birni in ana maganar taɓa batun da ake jin nauyin faɗa, hukuma suke fara ambata. Suna da dalili. Hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Kano tana nan tun 2001, kuma a 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Amma mu da muke rubutu daga ƙauye, a nan gefen Jahun, hukuma ta yi mana nisa. Na kusa da mu su ne mai unguwa, da limamin da ya ɗaura mana aure, da matan da muke haɗuwa da su wajen niƙa. Labari in ya hau WhatsApp da safe, kafin la'asar wata yarinya ta karanta wa uwarta da kishiyoyinta a tsakar gida.

Ni malamar firamare ce, ina rubuta gajerun labarai. Na ɗauki batun yoyon fitsari ne saboda a asibitin Jahun akwai sashen da ake yi wa matan aiki, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke tun 2008, kuma da wuya ka sami ƙauye a nan da ba a san wata da ta je ba. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru.

Kafin in rubuta layi ɗaya sai da na zauna da wata ma'aikaciyar jinya ta fahimtar da ni ciwon. Doguwar naƙuda ce tushensa. Kan jariri ya tokare, mace ta kwana biyu ko uku tana fama, naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa ya rasa jini ya mutu, daga baya ya huje. Sau da yawa jaririn ma ba ya zuwa da rai. Ƙarancin shekaru yana ƙara haɗarin, amma har mai 'ya'ya biyar yana samu, kuma yankan gishiri ma yana jawo shi. Ga jiran izinin maigida da ya tafi cin rani, ga rashin mota, ga hanyar da damina ta cinye, ga kunyar haihuwar fari da ke sa yarinya ta cije leɓe ta ƙi yin ko tari. Wanda ya rubuta cewa auren wuri kaɗai ne, tsohuwar da ta karɓi haihuwa shekara talatin za ta gane bai san abin da yake faɗa ba, daga nan kuwa ta toshe kunne.

Wurin da na fi shan wuya shi ne uban yarinyar da ke cikin labarin. Abu mafi sauƙi shi ne in yi shi mugu mai kwaɗayin sadaki, masu karatu na birni su yi ta yabo. Sai dai uban da na sani ba haka yake ba. Manomi ne, makarantar sakandare ta yi wa 'yarsa nisa, yana tsoron abin kunya, kuma yana son ta har ransa. Shi ne ya sayar da tumakinsa ya kai ta asibiti. Haka na rubuta shi, ban kuma wanke shi ba. Da aka karanta labarin a wani gidan suna, wata dattijuwa ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, ai malam ɗina kika rubuta, Allah ya jiƙansa." Na ce, "Inna, ban san shi ba." Ta ce, "To haka yake, har tumakin."

Batun addini kuwa ban yarda in yi shi da ka ba. Na je wajen malaminmu na ce, "Allah gafarta Malam, ina so in sa liman a labari, ba na so in ɗora masa abin da liman ba zai faɗa ba." Ya bayyana mini cewa a fiƙihun Malikiyya uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa, sannan ya kawo hadisin nan da ya hana cuta da cutarwa. Duka biyun na sa a bakin limamin labarin, yana auna su a gaban uban.

Duk da haka an ji haushi. Wasu sun ce tonon asiri ne, wani uban ɗalibina ya daina amsa gaisuwata. Wannan na ɗauka, don ni na zaɓi yin rubutun. Abin da ba ni da ikon ɗora wa kowa shi ne kasadar matan da suka buɗe mini cikinsu. A ƙauye sauya suna ba ya ɓoye mutum. Sai na sauya sana'ar mijin, da yawan 'ya'ya, da lokacin da abin ya faru, in haɗa labarin mata uku ya zama na mace ɗaya. Kafin in saki, nakan karanta wa kowacce a ɗakinta. Akwai wadda ta saurara har ƙarshe, ta ce kishiyarta za ta gane zancen tabarmar da ake shanyawa a bayan ɗaki. Na cire wurin gaba ɗaya, duk da shi ne ya fi taɓa ni a labarin.