Sati 6 baki a ɗaure

Yau aka cire wa ƙanena wayar da aka ɗaure masa haƙora da ita, sati 6 cif bayan ya faɗi a babur wajen Ƙofar Ƙaura. Muƙamuƙinsa na ƙasa ne ya karye wuri biyu. Likita ya ce shi kaɗai ne ƙashin fuska mai motsi, dole aka haɗe shi da na sama har ya warke.

Kunu da romo kawai yake zuƙa ta siririn bututu, Hajiya na gefensa tana share hawaye. Wallahi ya rame sosai. Har yanzu ba ya jin leɓensa na ƙasa, jijiyar da ta ratsa cikin ƙashin ce ta bugu.

Da ya buɗe baki, tuwon dawa ya fara nema. Alhamdulillahi.