Godiya ga waɗanda suka ɗauko ni daga dajin Harz

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, an kwance mini ɗaurin ƙafa, likita ya duba hoton ƙashi ya ce karayar ta haɗe, har na fara takawa da sanda ɗaya. Saƙonnin jaje da na addu'a da suka shigo wayata sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ga gara in tara godiyar wuri guda. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, ni kuwa ba ni da wani tukuicin da ya wuce wannan.

Kafin in shiga ambaton mutane, bari in amsa tambayar da kusan kowa daga gida ya yi mini, wasu cikin tausayi, wasu cikin faɗa: me ya kai ɗalibi da aka tura karatu Jamus cikin daji, a ranar da ake yayyafi? Wasa ne ya kai ni, wanda ake kira Geocaching, ni dai farautar akwati nake ce masa. Wani zai ɗauki ƙaramin mazubi da ruwa ba ya shiga, ya saka littafin sa hannu a ciki, ya ɓoye shi a kogon bishiya ko ƙarƙashin dutse ko bayan allon hanya, sannan ya sa lambobin wurin a intanet. Kai kuma ka bi lambobin da wayarka har su kawo ka kusa, sauran aikin na ido ne da haƙuri. In ka samu ka rubuta sunanka, ka mayar da shi daidai yadda ka tarar. In akwai 'yan tarkacen wasa a ciki kana iya ɗaukar ɗaya, da sharaɗin ka bar wani da bai gaza shi daraja ba. Babu kuɗi, babu kofi, babu mai gadi.

Abin bai daɗe a duniya ba. Kafin shekarar 2000 sojojin Amurka, masu taurarin ɗan'adam na GPS, da gangan suke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, na'ura kan kauce da kusan mita 100. A farkon watan Mayu na 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina. Ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sa lambobin wurin a intanet don ya gwada ko na'urorin sun gyaru da gaske. Cikin 'yan kwanaki mutane suka gano shi. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin da muke amfani da shi har yau, da akwatuna 75 kacal. Yanzu sun haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190, kuma in ka cire Amurka babu ƙasar da ta kai Jamus yawansu. Nan na koya, a hannun wani abokin karatu, a lokacin sanyin farko da na yi a Göttingen, lokacin da zaman ɗaki ya kusa haukata ni.

Ranar da abin ya faru na hau tsaunukan Harz ne ta wajen Ilsenburg, a kan hanyar da ke bin kogin Ilse zuwa Brocken, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a arewacin Jamus, mita 1,141. Wanda ya san wurin a da ba zai gane shi yanzu ba. Farin da aka yi daga 2018 da ƙwaron da ke cin ɓawon itace sun kashe dogayen bishiyoyi masu ɗimbin yawa, wasu na tsaye a bushe, wasu sun zube. A kan jiƙaƙƙiyar saiwa santsi ya kwashe ni, ƙafar dama ta shige tsakanin duwatsu biyu, na ji ƙarar da ba na fatan kowa ya ji daga jikinsa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Godiyata ta farko, bayan Allah, ga wani dattijo da matarsa take. Sun roƙe ni kada in ambaci sunansu, na kuma yi alkawari. Akwati ɗaya muke nema ni da su ba tare da mun san juna ba, suna bayana da 'yar tazara. Dattijuwar ce ta fara jin muryata. Ba ta tsaya tambayar ko ni wane ne ba, ta durƙusa a cikin caɓi, ta hana ni motsa ƙafar, ta ciro bargon nan mai ƙyalli na ceto daga jakarta ta lulluɓe ni, domin a irin wannan wurin sanyi kan riga ciwo illata mutum. Mijin ya kira 112, lambar kiran agajin gaggawa. Da aka tambaye shi ina muke, sai ya karanto lambobin wurin daga na'urarsa tiryan-tiryan, abin da shekaru ya yi yana yi don wasa. A dazuzzukan Jamus akwai wuraren haɗuwa da masu ceto, kowanne da allonsa da lambarsa, inda mota ke iya isa. Ya san mafi kusa, ya sauka can da ƙafa duk da shekarunsa, ya tsaya ya tarbe su ya hawo da su.

Duk tsawon jiran nan matar tana riƙe da hannuna tana ja na da hira don kada in suma. Da ta ji ina maimaita Innalillahi, ta tambaye ni ko addu'a nake yi, na ce e, sai ta yi shiru har na gama. Tun daga ranar nake kiranta Iya, na kuma faɗa mata ma'anarsa, ta karɓa. Sai daga baya a asibiti, da suka zo dubiya, muka gano cewa sunan wasan da suke sa hannu da shi na sha ganinsa a littattafan akwatuna, sau da yawa a saman nawa. Ashe na daɗe ina bin sawunsu ban sani ba. Iya, Baba, Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Masu ceto na tsauni da suka ɗauko ni a kan gadon ɗaukar majinyata ta hanyar da mutum ɗaya ma da ƙyar yake bi, na gode. Na sami labarin yawancinsu aikin sa kai suke yi, kowa da sana'arsa, kira kawai ke raba su da gidajensu. Ɗaya daga cikinsu ya riƙa ba ni haƙuri duk inda gadon ya girgiza, alhali shi ne gumi ke zuba a jikinsa. Likitocin da suka yi aikin suka sa ƙarfe da kusoshi, ma'aikatan jinya da ba su taɓa nuna gajiya da tambayata a kan abin da ke cikin abinci ba, da matar sashen gashin ƙashi da ba ta san wasa ba in aka zo motsa ƙafa, duka na gode. Ita ta ƙarshen na ji haushinta a makonnin farko, yau kuwa ita nake wa addu'a in na hau matakala.

Sai mai akwatin. Wannan bawan Allah bai yi mini laifin komai ba, hanya ce da dubban mutane ke bi. Amma da labari ya kai masa, a daren ya dakatar da akwatin a shafin, washegari ya hau da kansa ya duba wurin, ya ƙara masa maki. Ga waɗanda ba su sani ba, kowane akwati yana da maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na wahalar ganowa, ɗaya na wahalar hanya. Hanya mai maki 1 ko mai keken guragu zai iya zuwa, mai maki 5 sai da igiya ko kwalekwale ko wani kayan aiki na musamman. Ya zo asibiti da 'ya'yan itatuwa, fuskarsa duk damuwa. Don in saki ransa na ce masa tunda na bar ƙashina a wurin, ai ya kamata ya kawo mini littafin in sa hannu daga kan gado. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce a'a. Ƙa'ida ita ce sai ka je da ƙafarka. Ya ce akwatin yana nan yana jirana, kuma ranar da zan koma shi zai raka ni. Wallahi wannan a'a ɗin ta ƙara masa girma a idona. Na shiga shafin na rubuta cewa ban samu ba, aka manna mini shuɗiyar fuskar nan mai ɓacin rai a taswira, tana nan har yanzu.

'Yan farautar akwati masu zaman wata-wata na yankinmu, waɗanda yawancinsu da sunan wasa kawai na san su, kun ba ni kunya irin ta alheri. Wani ya je tashar da na bar kekena ya kawo mini har gida. Wata malamar lissafi mai ritaya ta riƙa turo mini akwatunan wasa ƙwaƙwalwa, irin waɗanda sai ka warware wata matsala kafin lambobin wurin su fito, ta ce ƙafa ce ta karye, kai yana nan lafiya. Su suka cinye mini dogayen dararen da ciwo ya hana ni barci. Wasu matasa biyu kuma suka zauna suka tsamo mini duk akwatunan cikin gari masu hanya mai maki 1, suka tura ni a keken asibiti muka zaga. Ranar ce na fara fita waje ba don ganin likita ba.

Na sha tunanin abin da ya sa mutanen da ba dangin iya ba na baba za su yi wa baƙo haka. A ganina wasan ne da kansa ke tace mutane. Gaba ɗayansa a kan amana ya tsayu: ka ajiye kayanka a fili, ka tafi, ka yarda cewa wanda ba ka taɓa gani ba zai buɗe, ya rufe da kyau, ya mayar. Masu duba sababbin akwatuna kafin a wallafa su ma aikin sa kai suke yi, su ne ke tabbatar da cewa ba a haƙa rami an binne ba, kuma akwai aƙalla mita 161 tsakanin akwati da ɗan'uwansa. Tun 2002 'yan wasan suke da al'adar fita rukuni-rukuni suna kwashe shara daga dazuzzuka da bakin ruwa. Ba na cewa duka waliyyai ne, akwai masu tattake shuka don gaggawa, akwai masu ɗaukar abu mai kyau su bar murfin kwalba. Amma mutumin da ya shekara goma yana kula da kayan wanda bai sani ba, da wuya ya ga mutum a ƙasa ya wuce.

'Yan uwana na masallaci, ku kuma naku daban ne. Malam, na gode da kujerar da ka sa aka ajiye mini a sahun gaba, da bayanin da ka yi mini a kan alwalar mai ɗauri. Yayanmu na zangon Kumasi da ya riƙa aiko da tuwo da miyar kuka har sai da maƙwabcina ya fara tambayar ranar da za a sake kawowa, Allah ya ƙara buɗi. Ɗan'uwanmu na Damagaram da ya mayar da motarsa tamkar tawa a duk ranar komawa asibiti, bai taɓa karɓar ko kuɗin mai ba. An ce zumunta a ƙafa take, tawa ƙafar ta kwanta, taku ta yi ta zuwa.

Hajiyarmu a Zariya, ki yafe mana ɓoye miki da aka yi har sai da aka fito da ni daga ɗakin tiyata, shawarar Kawu ce, kuma shi zai amsa. Na ji saƙonki cewa in na sake shiga daji ba da yawunki ba. Za mu yi maganar a waya, Hajiya, in kin huce. Maiɗakina kuwa, wadda tun farko take kiran abin nan yawon neman abin da ban ajiye ba, ita ta ɗauki wanka da girki da hawa da sauka, ga nata karatun, kuma ko sau ɗaya ba ta ce ai na faɗa maka ba. Na san ta ajiye shi ne sai na warke sarai. Allah ya biya ki da Aljanna.

Ƙannena biyu sun rubuto suna tambaya ko za su iya fara wasan a gida. Shawarata ita ce a yi hattara ƙwarai. Ko a Ingila, a garin Wetherby a 2011, an rufe tsakiyar gari an kira masu kwance bam saboda an ga wani yana ajiye irin wannan akwatin a kan titi. A halin tsaron da muke ciki, ɓoye mazubi a kasuwa ko tasha ko kusa da wurin ibada neman fitina ne, kuma dajin da iyayenmu ke gudun mu shiga suna da dalilinsu. Akwai nau'in da babu akwati sam, wanda aka fara a 2004 tare da ƙungiyar masana duwatsu da ƙasa ta Amurka: za ka je wurin, ka lura da yanayin dutse ko ƙasa, ka amsa tambayoyi. Irin wannan ya fi dacewa da wuri kamar Kufena ko Dala, da rana tsaka, cikin jama'a, da sanin masu wurin.

In Allah ya yarda, da zarar likita ya sallame ni daga sanda, za mu yi ɗan zama a wurin shaƙatawa na unguwarmu, 'yan farautar akwati da 'yan masallaci wuri guda. Maiɗakina ta ɗauki nauyin masa da miya, Iya ta ce ita za ta kawo kek. Zan sanar da rana a nan. Wanda na manta ban ambata ba ya yi mini afuwa, Allah bai manta da shi ba. Sannan wanda ya bar baƙar lema da filas ɗin shayi a ɗakina lokacin dubiya, suna nan a bayan ƙofa, ya zo ya ɗauka.