Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙofar da na ɗauko daga Akokan

Makon jiya mun tsaya inda na gama ginin ɗakuna huɗu a Akokan, kusa da Arlit a arewacin Nijar. Ni tela ne, ban taɓa leƙa ramin uraniyom ba, amma da albashin masu shiga ramin nake ci. In wata ya mutu aka biya su, matansu kan cika mini shago da atamfa har in rasa wurin aje ƙafa.

Cikakkun ma'aikata na da gidajen siminti na kamfani, da ruwa da wuta. Mu kuwa muna unguwannin laka tare da leburorin 'yan kwangila, kuma su ne 'yan hayata. Ɗaki bai taɓa yin mako a rufe ba.

Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak, kamfanin da ke da ramin, ta daina haƙa, bayan tana fitar da ma'adinin tun 1978. Uraniyom ɗin ramin ne ya ƙare. An daɗe da sanar da mu, amma wa ke yarda gari guda zai mutu? Ba a yi wata biyu ba wani yaro ɗan Madawa ya yi mini sallama bayan magariba, katifarsa naɗe a kafaɗa.

"Baba, ga makullinka. Sauran kuɗin wata biyu, in na samu zan aiko."

"Tafi, ɗana, Allah ya buɗa."

Me zan ce masa? Kafin babbar salla ɗakuna uku sun zama na ƙadangaru.

Na kira dillali. Ya zagaya gidan, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce, "Malam, yanzu kowa mai sayarwa ne, babu mai saye." Tayin da ya kawo bai kai kuɗin rufin kwano kaɗai ba. Na ƙi. Har yau uwargida na cewa girman kai ne, wataƙila da gaskiyarta.

Na bar wa wani maƙwabci Buzu gidan ya zauna kyauta don kada ya zube, na cire ƙofar ƙarfen zaure, muka ɗaure ta bisa mota tare da keken ɗinki. Hanyar da aka shimfiɗa don jigilar uraniyom duk ta farfashe, muka biyo ta Agadas da Abalak zuwa Tawa muna addu'a.

A Tawa sai labari ya sha bamban. Adarawa 'yan ci-rani na aiko kuɗi daga Abijan da Libiya ana sayen filaye, ƙasa ta yi tsada. Ni da nake karɓar haya, ga ni ina bin dillali a unguwar Geben Zogi, ana cewa sai na biya wata uku gaba, ban da ladansa. Ciki da falo muka samu, famfo ɗaya tsakanin gida biyar.

Ƙofar tana nan jingine bayan ɗaki, uwargida na shanya kuɓewa a kanta. Mako mai zuwa zan faɗi yadda na samu rumfar ɗinki a kasuwa.