Godiya ga waɗanda suka tsare mini tukunya

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, yau kwana 45 ke nan da yi mini aikin hanji, har na koma rumfata a babbar kasuwar Maradi da ƙafata. Da yawanku kun kira ban ɗauka ba, ku gafarce ni, a lokacin ko magana wuya take mini.

Godiyata ta farko ga likitan da ya yi aikin da ma'aikatan jinya. Ranar da za a sallame ni, ya zaunar da mu ni da uwargida ya ce hanjin da aka ɗinka yana da kumburi, hanyarsa ta ƙuntata, don haka duk abincin da ke da dusa, ɓawo ko zare-zaren da ciki ba ya narkarwa zai iya cushewa a wurin. Ya ce kada dusa da zare-zaren da ke cikin abincina su wuce giram 10 zuwa 15 a yini, kuma in riƙa shan ruwa sosai don kada ciki ya ɗaure. Wata ma'aikaciyar jinya ta ga mun yi zuru, ta ɗauko takarda ta rubuta mana da sunan abincinmu: ban da wake, ban da zogale da rama, ban da ƙuli-ƙuli, aya, dabino da goruba, ban da fura da tuwon hatsin da ba a surfa ba. Abin da ya rage shi ne farar shinkafa mai laushi, taliya, farin burodi, ƙwai, kifi, kaza, dankalin turawa da aka fere, da ayaba nunanna. Takardar nan har yanzu tana liƙe a ƙofar madafa. Allah ya saka mata.

Uwargida, ke kam ban san ta inda zan fara ba. Tukunya biyu kullum, ta gida da tawa. Na sha farkawa kafin kiran assalatu in hango ki a tsakar gida kina tace gasara da ƙyalle, ki tace ki sake tacewa, ki murza da yatsa ki ji ko akwai sauran tsaki. Kuma ranar da yara ke cin kopto, wato kwaɗon zogale, can ɗakin baya kike kai su don kada ƙamshin ya same ni. Na sani, ban dai faɗa ba.

Inna ce ta fi shan wuya da wannan doka. Ta dama fura da hannunta, ta kawo a ƙwarya ta ce, “Ɗan nan, sha, ita ce ke tsaida mutum.” Yaya ta riƙe hannunta ta yi mata bayani a hankali. Inna ta mayar da faifai ta rufe ƙwaryar, idonta ya cika da hawaye, washegari sai ga ta da romon kaza wanda ta tace tas. Inna, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Na gode wa aminina na Jiratawa da ya zo da buhun zogale daga lambunsa. Da muka gaya masa halin da ake ciki bai ji haushi ba, ya raba wa maƙwabta, bayan kwana biyu ya dawo da kifi daga Madarunfa. Abokan kasuwa da suka riƙe mini rumfa, da jama'ar masallacin unguwarmu da suka yi karo-karo, Allah ya biya ku.

Masu tambayata ko su ma su bi wannan tsari saboda ciwon ciki, don Allah ku fara ganin likita. Ni na ɗan lokaci aka sa mini, saboda ɗinki. Ga mai lafiya wake da ganye gyara ciki suke yi.

Shekaranjiya likita ya yarda in fara komawa kaɗan-kaɗan, abu ɗaya sabo duk bayan kwana biyu ko uku. Jiya na ci cokali biyu na zogale da ya dahu luguf, na kwana lafiya. Furar Inna ce ke biye in sha Allahu, ku ci gaba da sa ni a addu'a.