Takardar da na manna a ƙofa

Bara aka ɗora mini sake duba ƙa'idar matan da za a yi wa hoton mama na gano sankara kyauta a asibitinmu cikin watan Oktoba. Na'ura ɗaya ce, kuɗin kuma ba su taka kara sun karya ba, dole a tace. Sai na ɗauko tsarin Ingila, inda ake gayyatar mata tun daga shekara 50, duk bayan shekara uku. Na san Amurka ta sauko da nata zuwa 40 a 2024, amma na ce mu ina muka ga halinsu. Na rubuta "50 zuwa sama", na manna a ƙofa da hannuna.

Abin da ban rubuta ba shi ke ci mini rai har yau. Waɗancan shekarun an sa su ne don macen da ba ta jin komai. Mai ƙullutu a nono ko a hammata, ko wadda jini ke fita ta kan nononta, mara lafiya ce, likita za ta gani ko shekararta nawa. Na san haka sarai. Na ɗauka kowa ma ya sani.

Wata mata mai shekara 37 ta zo da goyo a bayanta, ta ce wa yaron da ke rubuta suna, "Malam, wani abu nake ji kamar gurjiya." Ya dubi takardata ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, shekarunki ba su kai ba." Bai yi laifi ba, abin da na ba shi ya karanta. Sai bayan wata biyar ta dawo, fatar wurin ta koma kamar ɓawon lemo.

Ga shi a nan sankarar mama kan kama mata da yawa tun ba su kai 50 ba, kullum muna gani a ɗakin jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a kammala gano cutar cikin kwana 60 daga zuwan mace na farko. Ita nata ya haura 150, saboda layi ɗaya da ban rubuta a takardar ba.

Bana mun sauko zuwa 40. Kafin a tambayi mace shekarunta, sai ma'aikaciyar jinya ta ja ta gefe ta ce, "Yaya, akwai abin da kike ji?" In ta ce e, a ranar za a duba ta, a yi mata sikanin. Waccan baiwar Allah tana karɓar magani yanzu. Duk ranar da ta zo sai ta gaishe ni, "Sannu Sista," ni kuwa da ƙyar nake iya haɗa ido da ita.