Mai niyyar zuwa Irland, don Allah kar ka tsaya Dablin kaɗai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Mu nan Tawa in anka ce Turai to Faransa ce ko Beljik, in an yi nisa a ce Jamus, Irland kam ba ta cikin lissahi, wasu ma sun ɗauka wata jaha ce ta Ingila. Alhali ta samu mulkin kanta tun 1922, kuma mun san mutanenta ko ba mu lura ba, wagga ƙungiya Concern da muke ganin motocinta cikin gari da ƙauyuka tasu ce, a Dablin anka kafa ta a 1968 lokacin yunwar yaƙin Biyafara.

Kahin komai a san wanga: Irland ba ta cikin Shengen. Bizar Faransa ba ta shigar da kai, tasu daban ake nema. Kuɗinsu yuro ne, yuro ɗaya wajen sefa 656, kuma wurin kwana da tsada sosai musamman a Dablin. Daga Paris jirgi ba ya cika awa 2.

A Dablin kowa zai ce maka ka tahi jami'ar Trinity da anka kafa a 1592, ka ga tsohon littahin Kells, Linjila ce rubutun hannu mai zane-zane. Yana da kyau, sai dai layi da kuɗin shiga. Ni wurin da ya hi kama min zuciya shi ne Chester Beatty, cikin harabar fadar Dablin, kuma shiga kyauta ne. Akwai Alƙur'anai rubutun hannu sama da 260, ciki har da wanda gwanin rubutu Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan hijira, wato sama da shekara dubu kenan, tawadar tana nan raɗau, baƙaƙen a zaune kamar jiya anka aje alƙalami. Duk wanda ya taɓa riƙe allo a makaranta in ya tsaya gaban wanga gilashi sai jikinshi ya yi sanyi wallahi.

In ka hito ka bi bakin kogin Liffey zuwa gabas, za ka iske gumakan tagulla na mutane ramammu, tsumma a jikinsu, ɗaya ya saɓa yaro a kafaɗa. Tunawa ce da babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852. Cuta ta faɗa ma dankalin turawa, shi ne cimar talaka a lokacin, kimanin mutum miliyan 1 sunka mutu, wasu miliyan 1 sunka shiga jiragen ruwa sunka bar ƙasar, kuma ana cikin haka ba a daina hitar da hatsi da dabbobi zuwa Ingila ba. Mu da iyayenmu ke ba mu labarin 1973 da 1984, mun kuma ga 2005 da idonmu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Nan na gane mi ya sa mutanen ga ba su wasa da zancen tamowa.

To amma ainihin abin da nake so in faɗa, ka hau jirgin ƙasa ka yi yamma. Awa 2 da rabi kana Galwe, gari ne ƙarami bakin teku, masu kiɗa a titi, daga nan akwai kar da ke kai mutane duwatsun Moher. Ƙasa ce koriya shar tana tahiya tana tahiya sai kawai ta yanke, mita 214 a inda ya hi tsawo, ƙasa can tekun Atlantika na dukan dutse, tsuntsaye na shawagi ƙarƙashin ƙafarka, iska kuma ba ta wasa, ka riƙe hularka ka tsaya bayan shinge kar ka biye ma masu neman hoto a baki.

Kan hanya za ku ratsa Burren, dutse ne shimhiɗe toka-toka iyakar ganinka, tsattsage, furanni na hitowa cikin tsagar. Makiyayansu da sanyi ne suke kora shanu saman dutsen, saboda dutsen na riƙe ɗumi kuma lokacin ne ake samun ruwa can. Sai tsibiran Aran guda 3, ana shiga jirgin ruwa daga Rossaveel, ko daga Doolin in ba lokacin sanyi ba ne. Nan ne hwa na so kowane ɗan Adar ya je. Tsibirin kusan ba ƙasar noma, dutse ne zalla, kakanninsu sunka riƙa kwaso rairayi da ciyawar teku suna zubawa bisa dutse shekara da shekaru har ta zama gona, duwatsun da sunka tsince kuma sunka jera su katanga, ba siminti ba laka, da ƴan kafofi don iska ta wuce kar ta tuɗe su. Ina bisa keken haya ina kallon katangun nan babu iyaka, abin da ya zo min shi ne matan Keita ɗauke da duwatsu a ka tun aikin da anka fara a 1984, ana jera su don a tare ruwa a maido da faƙo gona. Can iska da gishirin teku suke yaƙa, mu zaizaya da fari, amma wahalar hannun iri ɗaya ce. Kuma har yau mutanen tsibirin harshensu na gado suke yi a gida, ba Ingilishi ba, dud da ƙarnukan da anka yi ana danne shi. A babban tsibirin, Inis Mór, ka hau zuwa Dún Aonghasa, tsohuwar ganuwa ce ta dutse bakin inda ƙasa ta yanke zuwa teku, zurhin mita kusan 100, babu shinge ko kaɗan, mai yara ya riƙe su gam.

Sauran wurare in kana da hali: Newgrange arewa da Dablin, kabari ne da anka gina wajen shekara 3200 kahin haihuwar Annabi Isa, ya girmi dalar Giza ta Masar. Hanyar zagayen Kerry kilomita 179 a kudu, tafkuna da tumaki. Giant's Causeway mai ginshiƙan dutse wajen 40,000 shi kuma a Irland ta Arewa yake, ƙarƙashin Birtaniya, kuɗinsu fam, ba ka ganin shingen iyaka a hanya amma bizar Birtaniya ake bukata, kar wani ya ce maka ba komai ka ƙetara haka nan.

Lokacin zuwa daga Mayu zuwa Satumba ne, ko a nan ɗin ruwa na iya sauka kowane lokaci, rigar ruwa ta hi lema amfani saboda iska. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, sai ka sa jadawalin salla na garin cikin wayarka. Karin kumallonsu na otel akwai naman alade da wani abu baƙi da ake yi da jini, ka ce a ba ka ƙwai da burodi, ko kihi da soyayyen dankali da rana. A Dablin masallacin South Circular Road da shagunan halal na kusa da shi sun wadatar, amma in za ka ƙauyukan yamma ka yi guzuri daga can ko daga Galwe.