Kirsimeti ta uku a Kakuma

Har yanzu ban saba da Disambar Kakuma ba. Tun ƙarfe tara na safe rana ke fara dukan mutum, da la'asar kuma guguwa ta taso ta cika maka baki da ƙura. Kakuma sansanin 'yan gudun hijira ne a yankin Turkana, arewa maso yammacin Kenya. An buɗe shi a 1992 saboda yaran da suka tsere wa yaƙin Sudan a ƙafa, da nufin zaman ɗan lokaci. Waɗansu daga cikin yaran nan yanzu da furfurarsu, su ne ma dattawan ikilisiyar da nake hidima a ciki.

Shekarar da na zo, na ɗauka ni zan kawo musu Kirsimeti. Ikilisiyar da ta aiko ni ta haɗo baiko, na sayi sabulu da sukari, na zauna ni kaɗai na rubuta sunayen waɗanda na ga sun fi talauci. Ashe tsokano tsuliyar dodo na yi. Kafin azahar ƙofar coci ta cika, kowa riƙe da katin rabon abincinsa. Wata uwa ta tsaya a gabana, ko ɗaga murya ba ta yi ba, ta ce, "Ɗana, da wane ido ka auna yunwar maƙwabciyata har ta fi tawa?" Tun daga ranar na sakar wa zumuntar mata rabo. Su suka san gidan da tukunya ta kwana biyu ba ta hau murhu ba.

Abinci a nan daga hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya yake zuwa, wani a buhu, wani kuɗi ne ta waya da ake kira Bamba Chakula. An sha rage shi. Duk da haka, tun Nuwamba za ka ga mace na ɗibar ɗan gari tana ɓoyewa saboda ranar biki. Idan ta kira ka ci, ka ci. Na taɓa cewa na ƙoshi don tausayi, aka yi mako ana gaishe ni sama-sama.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, ga mutane da yawa Disamba watan gudu ne. Ranar 15 ga Disamba 2013 faɗa ya ɓarke a Juba, babban birnin Sudan ta Kudu, kwana goma kafin Kirsimeti. Akwai waɗanda suka bar sabbin kayan yara a akwati suka fita da na jikinsu. Shi ya sa ranar jajibiri, idan matasa suka jeru da ganguna da tutoci suna zaga unguwanni da waƙa, sai ka ga wata tana rawa tana share hawaye da bakin zane.

Bana ni aka ba wa'azi. Na ɗauki Matiyu sura 2, inda Yusufu ya tashi da dare ya gudu Masar da Maryamu da jaririn saboda Hirudus. Na ce Yesu ma ɗan gudun hijira ne. A raina ina jin na yi gwaninta.

Bayan an tashi sujada, wani dattijo daga cikin yaran 1992 ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Fasto, yaushe suka bar Masar?"

"Da Hirudus ya mutu, Baba."

Ya jinjina kai. "To, mu namu sai su mutu, wasu su gaje su."

Ban sami abin cewa ba. Fasfo ɗina na cikin jaka a ɗaki, kuma ya san da haka. Ya saki hannuna, ya ce in zo gidansa shan shayi kafin rana ta yi zafi, in taho da kofina don nasu biyu ne kacal.